Tabaryar Inna da Kulocin Motar Baba

Motar da mahaifinmu ya bari ƙaramar bas ce fara, ko in ce ta taɓa zama fara. A gwanjon ma'aikatarsu ya saye ta shekarar da ya yi ritaya, kuma har ya rasu ana iya ganin inuwar tambarin ofis a jikin ƙofarta, ƙarƙashin fentin da aka shafa. Ita ke kai mahaifiyarmu, Inna, asibitin masu hawan jini duk ƙarshen wata. Baba bai taɓa barin kowa ya tuƙa ta ba sai ni, ni ɗin ma yana zaune a gefena yana taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ni ne ɗan fari a gidanmu na Badarawa, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. A wurin kakata na tashi a Zariya, sai da na shiga sakandare na dawo gida. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, "A ce da wancan tuwo zai huce," ko da kuwa ina zaune taku biyu daga inda take. Bayan ƙannena mata sun yi aure sai ta koma gaya wa bango. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba, haka na taso na gani, haka kuma ni ma na koyi ba ta amsa, ina kallon ƙasa, kamar da wani nake.

Lokacin da Baba ya rasu ina ƙarasa bautar ƙasa a kudu. Na zo na yi kwana bakwai na koma. A tsakanin nan ne ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, ya karɓi makullin motar, wai don hidimar gida har Inna ta fita takaba.

Ba zan ce Baffa mugun mutum ba ne, don ban san zuciyarsa ba. Abin da na sani shi ne in ka tambaye shi sana'arsa zai ce maka yana harkar sufuri, harkar kuwa ita ce wani benci a tashar Kawo, inda yake zama tun hantsi har azahar yana gaya wa direbobi yadda ake tuƙi. Iya sanina bai taɓa mallakar motar da ta ga damina biyu a hannunsa ba. Amma babu ciwon motar da bai san sunansa ba, kuma tun kafin a buɗe ta yake faɗa, hannuwansa a goye a baya don kada babbar riga ta taɓa maiƙo.

Da na dawo gaba ɗaya na tarar da motar a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, ganye ya cika rufinta. Turo ta aka yi aka shigo da ita. Gilashin gaba ne kaɗai yake fes, daga baya na gane Inna ce ke goge shi da tsumma duk safiya in ta gama shara.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa ya zauna a falo ya yanke hukunci. Ya ce giyabos ɗin motar ya mutu, bakanikensa ya duba ya tabbatar, irinsa kuma ba a samu yanzu. Ya ce ya riga ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, ranar Asabar ta sama za su zo su yanka ta a nan tsakar gida su kwashe. Batun asibiti kuwa, ya ce kada matar yayansa ta damu, duk ranar da za ta je a yi masa waya kawai zai samo mota. Inna tana bayan labule tana ji. Ni kuma na riga na ji daga bakin ƙanwata yadda wannan waya take ƙarewa: watan da ya gabata Inna ta sa hijabi tun bayan asuba ta zauna a bakin gado, Baffa bai iso ba sai da aka rufe karɓar kati.

Labarin ƙasa na karanta a jami'a, ban san komai a kan giya ba ban da sa ta da cire ta. Kiran wani bakanike kuwa, bayan Baffa ya ce nasa ya duba, daidai yake da in ce masa maƙaryaci a gaban unguwa. Sai na durƙusa na ce, in ba zai zama rashin kunya ba, ko za a bar ni in ɗan leƙa ta kafin Asabar ɗin.

"Leƙa mana, Injiniya," in ji shi. "Wataƙila a taswira za ka gano inda giyar ta faɗi." Ya zaro makullin daga aljihu ya miƙo mini.

Ranar Litinin na kai batir caji, da yamma na fara. Abin da na fara lura da shi, ina taka kuloci sai ya tafi ƙasa kamar na taka auduga, ya kwanta can bai dawo ba sai da na ɗago shi da yatsun ƙafa. In injin yana kashe, giya tana shiga lafiya, daga ta ɗaya har ta baya. Ina tayar da injin sai ta ƙi, in na matsa sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na maimaita wannan ya kai sau shida, don ban yarda da kaina ba. A aljihun gaban motar na sami littafinta, duk gefensa rubutun Baba ne da fensir, ranakun da ya canza mai da taya. Na karanta babin kuloci sau biyu. Abin da na fahimta, in na fahimta daidai, shi ne a irin wannan mota ba waya ce ke jan kuloci ba, mai ne. Akwai wata 'yar tukunya a saman feda da ke tura man, makanikai na ce mata kulocin sama, akwai kuma wata a ƙasa, jikin giyabos, da ke karɓa ta tura ƙarfen da ke raba inji da giya. In man ya tsiyaye ko iska ta shiga bututun, kana takawa ne kawai a banza. Na rubuta a littafina: mai yiwuwa ba giyabos ba ne. Na ja layi a ƙarƙashin "mai yiwuwa".

Washegari Baffa ya zo kallo da abokan bencinsa biyu. Suka zauna a dakalin da ke fuskantar motar, aka kawo musu ruwa. Ɗaya ya ce motar da mai ita ya mutu ba ta karɓar hannun wani, ya sha gani. Ɗayan, wanda na tabbata ko keke bai iya ba, ya ce a sa ta a giya ta biyu a tura da ƙarfi, duk abin da ya maƙale zai saki. Baffa ya ce su bar yaro ya yi karatunsa, ai gwamnati ba ta kira shi aiki ba tukuna. Suka yi dariya. Manyan mutane uku, furfura a gemu, ba wanda ya taso ya leƙa ko da cikin motar, amma kafin la'asar sun gano mata ciwo ya kai biyar. Na ce musu to, Allah ya saka, na ci gaba da abin da nake yi.

Sai da suka tafi na buɗe murfin da ke gefen sitiyari. Kofuna biyu ne a wurin, babba na birki, ƙarami na kuloci. Ƙaramin ya kusa bushewa, abin da ya rage a gindinsa kuwa ba mai ba ne. Wani ruwa ne fari-fari mai kumfa a baki. Na tsoma yatsa na shinshina, sai na ji ƙamshin ranar wanki. Na goge hannu, na fita na sha iska, na dawo na sake shinshinawa, don kada in ɗora wa wani abin da hancina ne ya ƙirƙira. Ƙamshin yana nan. Da na tuna birki sai na yi sauri na buɗe babban kofin. Man ciki ya yi baƙi, amma dai mai ne. Na zuƙe ruwan ƙaramin da tsohon sirinji na zuba a wata kwalbar zuma da ba kowa ke so ba, na girgiza, kumfa ta tashi har wuya.

Na laluba saman feda da ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ko'ina a bushe. Na sa duwatsu a bayan tayoyi, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi, na bi bututun da hannu har inda ya ƙare. Kulocin ƙasa yana da wata hular roba a bakinsa. Ina janye ta ruwan tsatsa ya zubo mini a goshi.

Ranar Laraba na kwance shi, na sa a leda na tafi kasuwar Panteka. Wani dattijo mai sayar da kayan bas ya karɓa, ya juya shi, ya kai hanci, sai ya fara dariya har yana tari. Ya tambaye ni wane mai tsafta ne ya yi wa motar wanki ta ciki. Ya ce dabarar direbobin haya ce: in roba ta huje a daji, man ya zube, ba inda za a saya, sai a kaɗa garin sabulu a ruwa a zuba, don a lallaɓa a isa gari. Mai hankali yana isa yake zubarwa ya gyara. Wanda kuwa a bakin mutane ya ji dabarar, bai ji ƙarshenta ba, sai ya yi ta ƙarawa wata da watanni har ruwan ya cinye ƙarfen. Ya haska mini cikin tukunyar da fitilar wayarsa, duk ramuka ne kamar fuskar mai zanzana. Ban ce masa komai a kan wanda nake zargi ba. Har yau ma ban ga Baffa da idona yana zubawa ba, abin da na sani kawai shi ne wata huɗu makulli yana aljihunsa.

Dattijon ya ba ni sabo, ya ce in haɗa da robobin na sama tunda shi ma ya sha ruwan, da man birki gwangwani biyu. Sannan ya riƙe ledar bai saki ba, ya ce ɗaurawa ba ita ce aikin ba, fitar da iska ne aikin, kuma na mutum biyu ne. Ɗaya yana sama ya taka sau uku ya riƙe, ɗaya yana ƙasa ya kwance ɗan notin da ke jikin tukunyar, iska ta fita, ya ɗaure, sannan na sama ya saki. In na sama ya saki kafin a ɗaure, iskar ta koma ciki, a sake daga farko. Ya ce in nemi wanda muke jin maganar juna.

Alhamis gaba ɗaya a ɗauri ta tafi. Kowane noti na kwance sai na ajiye shi a kan takarda na rubuta inda ya fito. Mai yiwuwa bakanike zai gama cikin awa ɗaya, ni sai da magariba ta kusa.

Ranar Juma'a da safe, saura kwana ɗaya, na tsaya ina tunanin wanda zai taka mini. Ƙanina yana jarrabawa a Zariya. Maƙwabtan da zan iya roƙa suna ofis, waɗanda ba sa ofis kuwa duk abin da suka gani kafin azahar ya isa Kawo, ni kuma ban shirya a yi mini dariya karo na biyu ba kafin in tabbatar. Baffa da kansa ban ko sa shi a lissafi ba. Sai na ɗauko tabaryar Inna daga jikin turmi. Na taka feda sau uku da hannu, na tokare ta da tabaryar a jikin kujera, na rarrafa ƙasa na kwance notin. Ina kwancewa feda ta ƙara nutsewa, tabaryar ta sulluɓe, na ji faɗuwarta a kan ƙarfe. Na fito na sake. Sau huɗu ina wannan shiga da fita, gwiwoyina suka ƙuje, fedar tana nan yadda take kamar auduga.

Ina kwance a ƙasa karo na biyar sai na ga ƙafafun Inna sun tsaya a bakin ƙofar direba. Na ji ta zare tabaryar. Ta gaya wa dalbejiya cewa mutum yana da daka a gabansa an mayar masa da tabarya sandar makafi. Ƙafafun ba su tafi ba.

Na daɗe ina juya maganar a bakina. Yaya ɗa zai ce wa uwarsa taka, riƙe, saki, kamar yana koya wa ɗan aji ɗaya fareti? Balle uwar da ba ta taɓa ce masa miƙo mini wancan ba. Daga ƙarshe na gaya wa giyabos, a hankali, cewa da za a sami wanda zai taka feda ta hagu sau uku ya riƙe, da wataƙila aikin ya yiwu.

Sai na ji motar ta ɗan lotsa. Inna ta hau kujerar Baba. Iya sanina ba ta taɓa zama a wannan gefen ba a rayuwarta.

Na ji takun, ɗaya, biyu, uku. Na kwance notin, kumfa ta feso cikin wata kwalba da na tara. Kafin in mayar da sifana in ɗaure notin na ji feda ta ɗago, na kuma ji notin ya ja iska da ɗan ƙaramin sauti kamar mai shan shayi. Ta saki. Ba ta san ko na gama ba, ba za ta tambaye ni ba, ni kuma ba zan iya ce mata ta yi kuskure ba. Muka sake, aka sake yin haka. Na kwanta ina kallon tsatsar ƙarƙashin motar, ina tuna gobe war haka masu yanka suna nan da wutarsu.

Na ce laifina ne, ban yi bayani ba. Na ce daga yanzu in aka ji an buga ƙarfe sau ɗaya, a taka a riƙe, ko ƙafa ta tafi ƙasa kada a ɗaga. In aka ji sau biyu, a saki. Na buga sifana a jikin motar sau ɗaya. Takun ya zo, uku, sannan na ji wani ɗan sauti daga sama, ƙwas, zobenta ne a jikin ƙofa. Ta riƙe ke nan. Na kwance, na ɗaure, na buga sau biyu.

Haka muka yi ta yi, ban ƙirga ba. Da farko ruwan sabulu ne ke fitowa, sai wani abu mai launin kunun kanwa, sai mai mai ƙananan ƙwayoyin iska. Duk bayan zagaye uku nakan fito in ƙara mai a kofi don kada ya bushe, in yi hakan ba tare da na ɗaga kai ba, ita kuma tana kallon katanga ta ɗaya tagar. A fitowa ta uku na tarar kofin a cike. Ta ga yadda nake yi ta karɓe wannan aikin, har ta goge abin da ya ɗiga da gefen tsumman gilashi.

Can sai na ji muryarta daga sama, da alama sitiyari take gaya wa.

"Abin nan ya fara gardama."

Na buga sau ɗaya, na zuba ido. Sandar da ke bakin sabuwar tukunyar ta fito, ta tura ƙarfen da ya kwana biyu bai motsa ba. Na ƙara zagaye uku duk da haka, don ban yarda da sa'a ba, har man ya riƙa fita garau. Na fito. Inna ta riga ta sauka, ta tsaya nesa kaɗan da tabaryarta. Na hau, na yi bismillah, na tayar da injin, na taka kuloci, na tura giya ta ɗaya. Ta shiga ba ko tari. Na matsa gaba taku biyu, na dawo baya. Na juyo in ga fuskarta, sai bayanta na gani, tana cewa duk wanda ya taɓa mata kwano da wannan hannu shi zai wanke.

Bayan sallar Juma'a na zaga da motar cikin unguwa a hankali, ina gwada birki a kowace kwana. Da na dawo na ɗauki kwalbar zumar na ajiye ta a kan dakali, daidai inda Baffa ke zama. Na ɗauke ta, na sake mayarwa. Ban tabbata abin da na yi daidai ne ba, amma na bar ta.

Ranar Asabar da hantsi Baffa ya iso, bayansa mutum biyu a babur mai ƙafa uku ɗauke da tukunyar gas da guduma. Suka tarar da motar a ƙofar gida, an wanke ta, injin yana aiki. Babban cikinsu ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ta taga ya ga na sa giya na cire, sannan ya dubi Baffa.

"Alhaji, ai mu ba ma yanka mai rai."

Na sa ran Baffa zai ji kunya, ko ya yi fushi. Ko ɗaya bai yi ba. Ya gyara hula ya ce musu dama tun farko ya faɗa iska ce ta shiga, shi ne ya sa yaron ya duba ƙasa, yaran yanzu sai an nuna musu. Ya sallame su kamar shi ya taimake su. Na durƙusa na gaishe shi, na ce an gode da shawara. Ya shigo ciki zai zauna a dakali, sai ya ga kwalbar. Ya tsaya. Kumfar ta kwanta, amma tsatsar ta taru a gindi, ƙamshin kuma ba ya ɓuya. Na shiga motar kamar ina neman wani abu, ina kallonsa ta madubi, don ƙofar gidan a buɗe take. Ya duba hagu ya duba dama, ya sa gefen takalmi ya ture ta cikin kwata.

Daga nan ya yi gyaran murya ya nufi ƙofar falo, ya gaida matar yayansa, ya ce alhamdulillahi an shawo kan matsalar. Ya ce tunda ta tashi, a ba shi makullin, ranar Litinin akwai wasu kaya da zai kai Rigachikun, kuma gara ta zauna a hannun wanda ya san mota.

Ina tsaye a bayansa da makullin a tafin hannuna, kuma in zan faɗi gaskiya, da ya juyo ya miƙo hannu ina jin da na ba shi. Ban san yadda ake hana Baffa abu ba. Labulen bai motsa ba, muryar Inna ce kawai ta fito.

"A gaya wa Baffan yara, makulli yana wurin mai kai ni asibiti."

Baffa ya juyo ya dube ni. Na dubi ƙasa, na sa makullin a aljihu. Ya ce to, ai shi ke nan, dama don sauƙinmu ya faɗa. Bai tsaya shan ruwa ba.

Ranar Talatar ƙarshen watan muka fita tun rana ba ta yi zafi ba. Inna ta zauna a kujerar baya, can bayan direba inda ba sai mun haɗa ido ba. Duk tsayawar da na yi sai na ji ƙafata tana auna fedar, ko ta fara laushi. Ba ta yi ba. Muka isa ana buɗe tagar kati, ita ce ta huɗu a layi.